In ka ji zarni, dubi tuta

Ranar da na fara shiga ɗakin injin, ban yi taku biyar ba na ja da baya ina murza ido. Dattijon da aka haɗa ni da shi don ya koya mini aiki yana zaune a kan benci yana cin goro, ko gezau. Na ce, "Baba, wani ne ya yi fitsari a nan?" Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa sai ya ce, "Yaro, wannan zarnin shi zai biya maka sadaki. Amma ranar da ka daina jin sa ka zo ka gaya mini, don daga ranar ka zama abin tsoro."

Sadakin kam ya biya. Shekara 17 ke nan ina aikin injin sanyi a wani katafaren sito da ke Sharaɗa, inda ake ajiye daskararren kifi da kaji da sauran kayan da zafi ke lalatawa. Tireloli masu firji suna ɗauko kifin daga Legas, su kwana biyu ko uku a hanya, mu sauke mu jera a ɗakunan sanyi. Da asuba dillalai daga Sabon Gari da sauran kasuwanni su zo su kwasa katan-katan, wasu ma har Katsina da Jigawa suke wucewa da shi. Matar da ta sayi titus guda biyu da yamma a bakin layi ba ta san da mu ba, kuma ba laifinta ba ne. Mu dai aikinmu shi ne kada ɗakin ya haura digiri 18 ƙasa da sifili, ko da a waje rana tana dukan kwano da digiri 40 da ɗoriya.

Abin da ke yawo a cikin bututunmu yana kwashe zafin nan shi ne amoniya. A jikin tukwane za ka ga an rubuta R717. Ita ce dai iskar da ake sarrafawa a yi takin yuriya, ita ce kuma ke tashi daga akurkin kaji in an daɗe ba a share ba. Ƙananan ɗakunan sanyi da ke cikin gari da firjin gida da wata iskar suke aiki, wadda masu gyara ke kira gas kawai. Manyan wurare irin namu su ke riƙe da amoniya, don ta fi arha, ta fi jan zafi, kuma ba ta cikin iskokin da aka yi yarjejeniyar Montreal a 1987 don a daina su saboda suna cinye rufin ozon da ke kare duniya daga illar hasken rana. Tsohuwar hanya ce. Tun wajajen 1876 wani Bajamushe, Carl von Linde, ya ƙera injin sanyi mai aiki da ita, kuma har yau ba a samu wadda ta ture ta ba a manyan sito.

Halinta ne sai an sani. Ruwan amoniya yana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifili, wato in ya fito sarari a Kano, nan take yake zama hayaƙi, kuma lita guda tana kumbura ta ninka fiye da sau 800. Tana da kwaɗayin ruwa ba kaɗan ba. Duk inda danshi yake a jikin mutum nan take nufa: ido, hanci, maƙogwaro, huhu, hammata, matsematsi. Ta haɗu da danshin ta zama abu mai cin nama kamar soda. In kuwa ruwanta ne ya fallatsar maka, ƙuna biyu ka samu a lokaci guda, ta sanyi da ta sinadari. Tana cin jan ƙarfe da tagulla, shi ya sa duk bututunmu na baƙin ƙarfe ne, kuma Baba ya taɓa korar wani mai gyara daga ɗakin da tsawa saboda ya zo da wani ɗan bawul, wato abin buɗe bututu da rufe shi, na tagulla da ya saya a kasuwa. In ta taru sosai a rufaffen wuri, kamar kashi 15 zuwa 28 cikin 100 na iskar ɗakin, tana kama wuta.

Alherinta guda shi ne ba ta iya ɓuya. Kashi 5 kacal cikin miliyan ya isa hanci ya ji ta. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka ba da shi ne kada mutum ya wuni yana shaƙar fiye da kashi 25 cikin miliyan, kuma in ta kai 300 to a bar wurin, rai ake magana. Dubi tazarar da ke tsakanin 5 da 300. Allah ya ba da isasshen lokacin gudu. Matsalar ita ce hanci yana gajiya. Mu da muke kwana da ita, abin da zai sa baƙo hawaye mu ko atishawa ba ma yi, har mukan yi alfahari da haka a gaban sababbin yara. Sabo turken wawa. Abin da Baba ke nufi ke nan ranar farko, ni kuwa sai da na shekara tara kafin na gane.

Wata bazara ce, ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi. Duk mai wannan sana'a ya san yadda wannan lokaci yake: tireloli sun yi layi har waje, 'yan dako sun ninku, kowa yana so a sallame shi kafin kayansa su fara zufa. Baba ya riga ya yi ritaya, ni ne babba a aikin dare, da yaro ɗaya a ƙarƙashina wanda bai cika shekara da zuwa ba.

Akwai aikin da muke kira zubar da mai. Man kwamfureso, wato injin da ke matsa amoniya yana tura ta cikin bututu, yakan bi ta ya zagaya, da yake kuma ya fi ta nauyi sai ya kwanta a ƙasa, ya taru a wata 'yar tukunya. Lokaci-lokaci sai a tsiyaye shi a bokiti. Aiki ne da ba ya ɗaukar hankali, kuma duk wanda ya daɗe a harkar zai gaya maka ya fi kowane aiki raunata mutane. Dalili shi ne man yana da sanyi, ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, sai ka buɗe bawul ka ga ba abin da ke fitowa. Ka ƙara buɗewa, shiru. Ka ƙara. Can sai toshiyar ta ɓalle, man ya wuce cikin ƙiftawar ido, abin da ke bayansa kuwa ruwan amoniya ne da matsi.

Na san duk wannan. Amma daren nan manaja ya kira ni a waya cewa ɗaki na uku ba ya sauka, ga dillali yana masifa. Na ce wa yaron, "Kai, je ka zubar da man nan, ina zuwa." Ban ce ya rufe bawul ɗin da ke raba tukunyar da sauran layi ba, na ɗauka ya sani. Ban tsaya na ga ya sa tabarau da safar hannu ba. Shi kuma da ya buɗe ya ga ba ya zuba, sai ya bar shi a buɗe, ya zagaya ɗauko sifana.

Ina can wajen ɗaki na uku na ji wata ƙara kamar an kwance tayar tirela. Kafin na iso, farin hayaƙi yana fitowa ta ƙasan ƙofar ɗakin injin yana bin ƙasa kamar hazon sanyin asuba. A littafi za a ce maka amoniya ta fi iska rashin nauyi, sama take yi. Haka ne in busasshiyar iska ce. In ruwanta ne ya fashe ya fito, sanyinsa da danshin da ya tara su kan danne shi, ya yi ta rarrafe a daidai tsayin mutum.

Yaron ya fito da kansa, Allah ya taimake shi ba ya tsaye a gaban bututun. Hannunsa na dama ne kawai ya samu, da ya yi yunƙurin komawa ya rufe. Na sa takunkumi, na kashe injinan, na lallaɓa ta baya na rufe bawul na sama. Duka-duka bai fi minti shida ko bakwai ba. A lissafin masu injin, ƙaramar ɓaraka ce, ko rahoto wasu ba za su rubuta ba.

Abin da ya faru a tsakar fili shi ne ya hana ni barci. Mutum kusan 40 ne a wurin, 'yan dako da direbobi da yaran mota. Da suka ji zarnin ya shaƙe su, kowa ya nufi hanyar da ya shigo, wato babban get. Iskar daren kuwa can take kaɗawa. Suka yi ta gudu hayaƙin yana bin su, suna haki suna ƙara zuƙar sa. Wasu 'yan kaɗan suka nufi ƙaramar ƙofar baya, wadda da ita ce mafita, suka tarar da kwaɗo a garƙame, saboda watanni kafin nan an yi ta satar katan ta wurin, mukullin kuma yana aljihun wani da ya tafi gida. Wani yaron mota ya shige ƙarƙashin tirela ya kwanta, a ganinsa ya ɓuya. Maigadi, bawan Allah, maimakon ya buɗe get gaba ɗaya sai ya riƙe ƙaramar ƙofa yana tambaya ko ɓarayi ne.

A bakin get akwai wata Inna mai sayar da shinkafa da wake, ta shekara da shekaru a wurin. Ita ta karɓi yarona. Kafin na fito ta riga ta shafe masa hannu da manja, tana ƙoƙarin ɗura masa wani a baki. Na ce, "Inna, don Allah bari, ruwa za a zuba." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, guba ce fa. Manja ake ba wa." Da kyakkyawar niyya ta yi, haka ta gada, kuma a ranar ita kaɗai ce ta yi wani abu yayin da maza ke gudu. Sai dai maiƙo rufe sinadarin yake yi a kan fata ya ci gaba da ci. Da na waiwaya neman ruwan kuma, famfon da ke kusa babu ko ɗigo, tankin ya ƙafe tun la'asar. Da ruwan leda muka wanke hannun nan, ana fasawa ɗaya bayan ɗaya.

Ba wanda ya mutu. Mutum biyar aka kai asibiti, aka sallami huɗu kafin azahar. Yaron ya yi sati uku yana jinya, har yau akwai tabo a bayan hannunsa, kuma yanzu shi ne ke riƙe da aikin rana. Kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara. Amma ni na san wanda ya ce "je ka zubar da man nan" ya juya baya.

Da na je gaishe da Baba a gidansa na ba shi labari, ina jiran faɗa. Bai yi ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Su mutanen filin, wa ya taɓa gaya musu abin da ke cikin bututun?" Na yi shiru. Shekara tara ina wucewa ta gabansu kullum, muna gaisawa, muna cin abinci a kwano ɗaya wajen Inna, ban taɓa ba. Mu huɗu ne a duk sito muka san halin amoniya, kuma mu huɗun ne muke da takunkumi. Sauran mutum fiye da 100 da ke shiga da fita, abin da suka sani shi ne ɗakin injin yana wari kuma an hana shiga.

Maganar da na kai wa Alhaji mai wurin ke nan. Ban same shi da sauƙi ba. Mutumin kirki ne, shi ya biya kuɗin asibiti har da na yaran mota da ba ma'aikatansa ba, amma ɗan kasuwa ne, kuma dizal ya riga ya cinye masa riba. Da na zo kan ƙofar baya sai ya ce, "Malam, ka san katan nawa aka sace mini ta nan?" Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe." Sai na ba shi labarin wata masana'antar kaji a lardin Jilin na ƙasar Sin, inda gobara ta tashi a watan Yunin 2013, bututun amoniya suka fashe, ma'aikata suka ruga suka tarar da ƙofofi a kulle, mutum 121 suka mutu. Ya yi shiru yana jan carbi. Aka cire kwaɗon, aka sa irin ƙofar da ake turawa daga ciki ta buɗe amma ba ta buɗuwa daga waje, aka ƙara maigadi a wurin. Satar ma ta ragu, don dama da hannun na ciki ake yi.

Sauran gyaran da aka yi a ɗakin injin ba su da wani labari. Bawul ɗin zubar da mai yanzu mai sifirin ne, sai kana danne da shi yake zuba, ka saki ya rufe kansa, kuma ba a yin aikin sai mutum biyu. Makunnin kashe injina da na babbar fankar fitar da iska an dawo da su waje kusa da ƙofa, don da suna ciki, wato sai ka shiga hayaƙin kafin ka kashe abin da ke kawo shi. An sa na'urar shinshina iska, tana kuka a kashi 25 cikin miliyan, tana tayar da fanka da kanta a 150. Wannan na'ura ita ma tana tsufa kamar hancin mutum, sai ana gwada ta duk wata shida, in ba haka ba ta zama ado a bango. Takunkumi mai gwangwani na ƙaramin yoyo ne, kuma gwangwanin yana da ranar mutuwa a jikinsa. Na taɓa duba namu na tarar sun shekara uku da wucewa. In abu ya yi tsanani sai mai tukunyar iska a baya, irin ta 'yan kwana-kwana, kuma ba a shiga da ita mutum ɗaya. Ƙaramin yoyo kuwa har yanzu da dabarar Baba nake neman sa: a kunna ɗan tsinken farar wuta a bi layi da shi, inda ya yi farin hayaƙi nan ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu ba mai ba ne, ɗauke wuta ne. A Kano ba sai na yi wa kowa bayani ba. A dare ɗaya sai mu koma janareto sau uku, mu dawo sau uku. Su na'urorin da ke busa sanyi a cikin ɗakuna ƙanƙara takan lulluɓe su, to sai a rufe musu ruwan amoniya a tura musu iskar amoniya mai zafi daga kwamfureso ta narkar da ita. In an gama, dole a sauke matsin a hankali kafin a sake sakin ruwan amoniya mai sanyi. In aka yi gaggawa, zafi da sanyi suka haɗu a bututu ɗaya, ruwan yakan dunƙule ya taho da gudu ya daki gwiwar bututu kamar an sa guduma. Wanda ya taɓa jin wannan bugun ba ya mantawa, har rufin kwano sai ya amsa.

Irin wannan ne ya faru a wani sito na kamfanin Millard a garin Theodore da ke jihar Alabama ta Amurka, a watan Agustan 2010. Wuta ta ɗauke musu na awa bakwai. Da ta dawo, wani ma'aikaci yana ƙoƙarin daidaita al'amura ya share gargaɗin da kwamfuta ke nunawa, hakan ya katse narkar da ƙanƙarar da ke gudana, ruwa mai sanyi ya afka cikin bututu mai zafi. Bututu mai faɗin inci 12 ya fashe a kan rufi, amoniya fiye da tan 14 ta fita, ta tsallake ruwa ta samu mutanen da ke aikin share malalar mai a ɗaya gefen. Fiye da 150 ta taɓa, aka kwantar da 32 a asibiti. Da na karanta rahoton hukumar da ta yi binciken, abin da ya tsaya mini shi ne su ɗauke wuta baƙon abu ne a wurinsu, sau ɗaya ya zo musu ya yi wannan ɓarna. Mu kuwa abincinmu ne. Don haka na rubuta matakan tayar da injina bayan ɗauke wuta, da Hausa, da manyan baƙaƙe, na manna a jikin allon makunnai. Duk ɗakin da wuta ta yanke yana tsakiyar narkewa, da hannu ake sauke matsinsa kafin a ba shi ruwa, ko da manaja yana tsaye a kaina yana duba agogo. Mun sha yin cacar baki a kan minti 20 ɗin nan. Kifin da ke digiri 18 ƙasa da sifili ba abin da minti 20 za su yi masa in ƙofa tana rufe.

Wani abin da zafin garin nan ke jawowa shi ne ruwan amoniya da aka datse tsakanin bawul biyu. Mai gyara ya rufe nan ya rufe can, ya tafi sallah ko cin abinci, rana ta daki bututun, ruwan ya nemi wurin kumbura ya rasa. Ƙarfe ne ke ba da hanya. Hatsarin amoniya mafi muni da aka yi a yankinmu na Afirka ta Yamma daga irin wannan ya samo asali, ko da yake ba a wurin sanyi ba ne: a Dakar, ranar 24 ga Maris 1992, tankar da aka cika fiye da ƙima ta fashe a masana'antar man gyaɗa ta Sonacos, mutum 129 suka rasu, fiye da 1,000 suka jikkata, kuma hayaƙin bai tsaya a katangar masana'antar ba. Shi ya sa ba na wasa da bawul ɗin da ke sakin matsi in ya yi yawa. Ƙa'ida ita ce a canza su duk shekara biyar, ko sun taɓa buɗewa ko ba su taɓa ba. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe kondansa, wato na'urar da ke fitar da zafin amoniya waje, ga ƙarancin ruwan da ke sanyaya ta, duka suna tura allurar gejin matsi sama.

To amma duk waɗannan na ɗakin injin ne. Wanda na fi alfahari da shi bai kai kuɗin katan ɗaya na kifi ba. Na sayi yadi mai ruwan lemo, na kai wa tela ya ɗinka mini shi kamar hannun riga, muka ɗaura a dogon ƙarfe a saman ofis inda kowa zai hango, da ƙwan fitila a ƙarƙashinsa saboda dare. 'Yan dako suka sa masa suna tuta. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juya ta taho daga kudu maso yamma, don haka ba za ka ce wa mutum kullum ga inda za ka gudu ba. Wurin taruwa biyu muka ware. Abin da nake gaya musu gajere ne: in ka ji zarni ya fi na kullum, ko ƙararrawa ta yi kuka, ajiye katan ɗin, dubi tuta, ka ratsa iskar ta gefe sannan ka nufi ɓangaren da iska ke kaɗowa daga can. Kada ka bi bakin tuta. Kada ka shiga ƙarƙashin mota ko rami. Kada ka tsaya kallo, don mu Kanawa in an ce ga abu ya fashe, kusa muke matsowa.

Ranar Asabar ta farkon kowane wata, bayan an sallami dillalan asuba, nakan tara duk wanda ke filin na minti goma. Da farko dariya suke yi mini, wai Malam ya zama ɗan kwana-kwana. Shugaban 'yan dako ne ya taimake ni, dattijo ne da ke cikin waɗanda suka tarar da kwaɗo a daren nan. Shi yake cewa sababbi, "Ku saurara, in kunne ya ji jiki ya tsira." Wahalar ita ce 'yan dako ba sa zama. Wanda ka koya wa yau, jibi ya koma Dawanau ko Singa, wani sabo ya zo daga ƙauye. Direbobin Legas kuma wasu ba sa jin Hausa, sai na haɗa da turancin buroka da nuni da hannu. Ba a gamawa.

Ruwa ma mun yi masa tanadi. Akwai shawa da wurin wanke ido a bakin ɗakin injin, da tankinsu daban wanda ba a taɓawa ko alwala ce, ga duro biyu cike a fili. Ƙa'idar ita ce a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, in ido ne a buɗe fatar da yatsa ko mutum yana ihu, in riga ta daskare a jiki kada a fizge ta sai ruwa ya narkar da ita, sannan a wuce asibiti ko da mutum ya ce ya warke, don huhu yakan kumbura bayan awanni. Ba manja, ba man shanu, ba makilin, ba ɗanyen ƙwai. Amma in ruwan amoniya ne kwance a ƙasa, ba a watsa masa ruwa, ƙara tayar da shi ake yi. Inna yanzu ita ce ke riƙe da wannan karatu a bakin get. Na ji ta da kunnena tana gaya wa wata mai kunu, "Na wurin nan ba a sa masa manja, ruwa yake so."

Inda ban kai ba shi ne bayan katanga. Lokacin da aka gina sito, fili ne a bayanmu. Yanzu gidaje ne, da makarantar allo da ba ta fi taku 200 daga kondansarmu ba. Na je wajen mai unguwa sau biyu. Ya karɓe ni da mutunci, na gaya masa in suka ji ƙararrawa da zarni mai ƙarfi, mutane su shige ɗaki su rufe ƙofa da taga, su toshe kafa da jiƙaƙƙen tsumma, kada su fito titi, a kira 112. Ya saurara, sannan ya ce, "To Malam, almajiran da ke kwana a soro da ba shi da ƙyaure fa?" Na ce zan dawo da amsa.

Jiya da yamma na hau rufi duba layin da ke zuwa ɗaki na biyar. Akwai wurin da abin da aka naɗe bututun da shi ya tsage, ƙanƙara ta taru, in ta narke ruwa ya kwanta a jikin ƙarfe. Na ɓantare kaɗan na ga tsatsa ta yi ɓawo. Na ɗauki hoto na tura wa manaja, ya ce a bari sai bayan sallah in kaya sun ragu. Daga can saman ana hango soron makarantar, yara suna wanke alluna. Tutar ma rana ta cinye ta, ta koma fara, gobe in na tashi aiki zan biya Kantin Kwari in yanko wani yadin.